Amsa ga ɗalibar jinya daga Talata Mafara: kalmomin fiziyoloji, bayokemistiri da saikoloji

Wata ɗaliba 'yar Talata Mafara, da ke shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya, ta aiko mini da wannan: "Malam, a zango ɗaya aka haɗa mana fiziyoloji da bayokemistiri da saikoloji. Kalmomin sun yi mini yawa. In haddace da dare, kafin gari ya waye sun zube. Don Allah a warware mini manyan cikinsu da Hausa, yadda za su zauna mini a kai."

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama lafiya. Na daɗe ina koyar da fiziyoloji, kuma babu shekarar da ban ji wannan kukan ba. Abin da ke zubar miki da kalmomin shi ne kin raba su rumbu uku, alhali mutum ɗaya ake magana a kai a duka azuzuwan. Malamin fiziyoloji yana tsaye kusa da shi, yana duban yadda zuciyarsa da huhunsa da ƙodarsa ke aiki. Na bayokemistiri ya kutsa har cikin sel, wato ƙaramar ƙwayar da aka gina jiki da ita, yana bin sinadaran da ke haɗuwa da rabuwa a ciki. Na saikoloji kuwa ya ɗan ja baya, yana lura da abin da mutumin ke ji a ransa, da abin da yake tunawa, da yadda yake mu'amala. Jerin ma'anoni yana bayan littafinki. Ni zan ɗauko miki mutum guda mu bi shi yini ɗaya, duk inda kalma ta taso mu tsaya a kanta.

Amma sai na fara cire miki wata ƙaya da harshenmu ke sa wa ɗalibai. Bahaushe yana cewa "jijiya" ga abubuwa huɗu da babu abin da ya haɗa su sai tsawo. Akwai mai ɗauko jini daga zuciya zuwa sassan jiki, ita kike taɓawa a wuyan hannu ki ji tana bugawa. Akwai mai mayar da jini zuciya, wadda ake ɗaure hannu a lalubo idan za a ɗibi jini ko a yi ƙarin ruwa. Akwai jijiyar saƙo, ba ta ɗauke da jini ko ɗigo, lantarki ne ke gudu a cikinta. Sai mai ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara. A Turance kowace da sunanta. Ranar da tsohuwa ta ce miki "jijiya ke damuna", kada ki rubuta komai sai ta nuna miki wurin da yatsa, ta faɗa miki ko fizga take ji, ko zugi, ko mutuwar fata. Haka "zuciya". "Zuciyata na bugawa" maganar fiziyoloji ce, "zuciyata ta ɓaci" ta saikoloji ce. Za ki kuma ji wasu na kiran gaɓar da ke yin insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, da sunan saifa. Kuskure ne. Saifa tana gefen hagu tana tace jini. Mai yin insulin ita ce fankiriyas, tana kwance a bayan tumbi.

To ga mutumin namu. Manomi ne a filayen noman rani na Bakolori, nan kusa da ku, azumi kuma ya faɗo a watan Afrilu. Tuwon shinkafa ya ci da sahur.

Tuwo sitaci ne, sitaci kuma kamar carbi yake, kowace ƙwaya a jikinsa sukari ne da ake kira gulukos. Hanji ba ya tura carbin cikin jini a ɗaure, sai an tsinka shi ƙwaya-ƙwaya. Mai tsinkawar shi ne enzayim, kuma kin sha ganin aikinsa a gida ba ki san sunansa ba. Idan Inna za ta yi kunun zaƙi, takan raba ƙullun biyu. Ta dama kaso mai yawa da tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta bar shi ya ɗan huce, sannan ta juye ɗanyen kason da aka niƙa da tsiron hatsi ko busasshen dankali. Da safe sai a tarar kunun ya tsinke, ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Enzayim ɗin da ke cikin tsiron da dankalin, amilas, shi ya kwana yana yanka sitaci. Ɗan uwansa yana cikin miyau, shi ya sa idan kin daɗe kina tauna burodi za ki ji zaƙi na fitowa.

Me ya sa Inna ke jira kunun ya huce? Enzayim furotin ne, aikinsa a siffarsa yake, zafi mai yawa kuma yana ɓata siffar, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko ba ya komawa yadda yake. Wani Ba'amurke, James Sumner, shi ya nuna a 1926 cewa enzayim furotin ne. Ki riƙe cewa enzayim yana gaggauta aikin da in babu shi zai ɗauki lokaci mai tsawo, ba ya ƙarewa a cikin aikin, kuma kowane da abin da yake kamawa, amilas ba ya taɓa kitse. Ga wata dabara: kalmar da ta ƙare da "-ase" a littafinki galibi enzayim ce, mai ƙarewa da "-ose" kuma sukari.

Gulukos ya shiga jini, ya yi yawa. Fankiriyas ta saki insulin. Insulin homon ne, homon kuwa saƙo ne na sinadari da wata gaɓa ke zubawa cikin jini, ya je ya yi aiki a wata gaɓar mai nisa. Ernest Starling na Ingila ya fara amfani da kalmar a 1905. Jini yana kai saƙon ko'ina, amma sel mai makarɓar saƙon ne kawai ke amsawa, wato risafta. Kamar shela ce a kasuwa, kowa ya ji amma wanda aka kira sunansa ne zai taso. Da insulin ya ƙwanƙwasa, tsoka ta buɗe ƙofa gulukos ya shiga, hanta kuma ta ɗaure rarar ta ajiye a matsayin gilaikojin, wajen giram 100 a hantar babba. Ciwon sukari iri biyu daga nan suke: ko fankiriyas ta daina yin insulin, ko tana yi amma makarɓar ta yi nauyin ji. Kafin masu bincike Banting da Best su ware insulin a Toronto ta Kanada a 1921, yaron da iri na farko ya kama ba ya daɗewa.

A cikin sel ana ƙona gulukos da iskar oksijin, a wasu 'yan ɗakuna da ake kira maitokondiriya, a samu ATP. Gulukos buhun hatsi ne, ATP kuma tsabar kuɗin da sel ke kashewa nan take. Tsofaffin littattafai sun ce gulukos ɗaya na ba da ATP 36 ko 38, sababbi sun ce 30 zuwa 32. Na sababbin ya fi daidai, amma ki tambayi malaminki wanda yake so a jarrabawa. Duk wannan gini da rushewa, a dunƙule, shi ne metabolizim.

Rana ta take. Zafi ya haura digiri 40 a waje, manomi yana cikin aiki, bai sha ruwa ba tun asuba. Amma da za ki sa masa ma'aunin zafi, kusa da 37 za ki gani. Da za ki auna sukarinsa, bai faɗi ƙasa warwas ba. A nan kalmar da ta fi kowace girma a fiziyoloji take, homiyostasis: jiki yana riƙe yanayinsa na ciki a tsakanin iyakoki, komai abin da ke faruwa a waje. Claude Bernard na Faransa ya kawo tunanin a ƙarni na 19, Walter Cannon na Amurka ya raɗa masa suna a 1926. Idan kin fahimci wannan kalma ɗaya, rabin darasin ya zo hannu, domin kusan kowace cuta da za ki gani a asibiti homiyostasis ne ya gaza a wani wuri.

Dubi yadda ake yi. Akwai wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa, haifotalamas, shi ne mai gadi. Ya ji jini ya ɗumama, ya sa a buɗe jijiyoyin jinin fata, gumi ya karyo, iska ta busar da shi ta tafi da zafin. Gumi ya rage ruwan jiki, gishirin jini ya ƙaru, mai gadin ya ji wannan ma. Ya tayar da ƙishi, ya kuma sa a saki homon ɗin ADH, wanda ke ce wa ƙoda ta riƙe ruwa. Ƙodoji biyu suna tace kusan lita 180 a yini, amma abin da ke fita fitsari kimanin lita ɗaya da rabi ne kawai, sauran duk mayar da shi suke yi. Yau sun ƙara matsewa, shi ya sa fitsarin mai azumi yake kaɗan kuma ja. Sukari ya fara sauka, fankiriyas ta saki gulukagon, kishiyar insulin, hanta ta kwance ajiyar da ta yi da asuba. Duk salon ɗaya ne, irin na mai ban ruwa: in fangali ya cika ya toshe, in ya bushe ya buɗe. Sakamakon aikin ne ke dawowa ya tsayar da aikin. Jefi-jefi ne ake samun akasin haka, inda sakamako ke ƙara zuga aikin, kuma misalinsa za ki gani a ɗakin haihuwa: kan jariri ya danna bakin mahaifa, a saki homon ɗin oksitosin, mahaifa ta ƙara matsawa, kan ya ƙara dannawa, har a haihu.

Iyakokin nan kam haddace su za ki yi, babu wata dabara. Bugun zuciyar babba a hutu 60 zuwa 100 a minti. Numfashi 12 zuwa 20. Ma'aunin tsamin jini, pH, 7.35 zuwa 7.45. Sukarin wanda ya kwana bai ci ba, miligiram 70 zuwa 99 a kowace desilita ta jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita.

Bayan la'asar yana kan hanyar gida, sai ya jiyo rugugin babura da yawa daga nesa. Ke 'yar Zamfara ce, ba sai na faɗa miki abin da wannan ƙara ke nufi ga mutumin ƙauye a shekarun nan ba. Gabansa ya faɗi.

Kunne ya mayar da ƙarar saƙon lantarki, ya bi ta niyuron, wato sel ɗin jijiyar saƙo. Ƙwaƙwalwa tana da su kimanin biliyan 86. Galibinsu ba a manne suke da juna ba, akwai 'yar tazara a mahaɗarsu, sinafs, kuma da sinadari ake tsallaka ta. Otto Loewi ya tabbatar da haka a 1921 da zukatan kwaɗi biyu. Ya motsa jijiyar saƙon ta farko har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma ta rage gudu. Ashe wani abu jijiyar ta zuba a ruwan. Irin waɗannan sinadaran isar da saƙo su ne asitilkolin, dofamin, sirotonin da sauransu, kuma mafi yawan magungunan ƙwaƙwalwa a wannan 'yar tazara suke aiki. Haka ma tiramadol da sauran ƙwayoyin da ke cinye mana matasa.

Saƙon ya isa amigdala, wurin da ke saurin gane haɗari, tun kafin manomi ya yi tunani. Sashen jijiyoyin da ke tayar da jiki, simfatetik, ya kama aiki. Wasu 'yan gaɓoɓi da ke zaune kan ƙoda kamar hula suka saki homon ɗin adirinalin. Zuciya ta ƙara gudu, ƙwayar ido ta buɗe, miyau ya ƙafe, aka janye jini daga hanji zuwa ƙafafu, hanta ta watso sukari. Faɗuwar gaba kenan idan aka buɗe ta. Ashe masu baburan 'yan rakiyar amarya ne. Ya sauke ajiyar zuciya, ɗaya sashen, farasimfatetik, ya shiga kwantar da jiki a hankali.

Wa ya koya wa amigdala cewa babur abin tsoro ne? Ba da wannan aka haife shi ba. Nan saikoloji ya shigo. Ivan Pavlov na Rasha masanin fiziyoloji ne, kan narkewar abinci ya samu kyautar Nobel a 1904. Ya lura karnukan da yake gwaji da su suna zubar da miyau tun abinci bai iso ba, da sun ga mai kawo shi. Abu biyu sun yi ta zuwa tare, har ɗaya ya ari ƙarfin ɗaya. Sunansa a littafinki kondishonin, ni ina ce masa sabo ta hanyar haɗi.

Na taɓa zama da wata baiwar Allah da ta yi gudun hijira zuwa Gusau bayan an kai hari ƙauyensu. Muna magana a tsakar gida, ɗan kabu-kabu ya wuce a bayan katanga. Kwanon da ke hannunta ya kama kaɗawa, ta dafe shi da ɗaya hannun, ta sunkuyar da kai tana ba ni haƙuri, kamar ta yi wani laifi. Ta san kabu-kabu ne. Saninta bai hana jikinta tashi ba. Idan irin wannan ya wuce wata guda, da mugayen mafarkai, da gudun duk abin da zai tuna wa mutum, da saurin razana, ana kiransa PTSD, ciwon firgicin bayan bala'i. Za ki gamu da shi da yawa a jiharmu, sau tari a ɓoye cikin "ciwon kai", "ciwon ƙirji", "ba na barci". Homon ɗin kotisol, mai taimakon jiki a lokacin matsi, idan ya daɗe a sama yana ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana garkuwar jiki. Kin ga abin da ya fara a rai ya ƙare a ma'aunin jini.

Ki rarrabe baƙin ciki da ciwon damuwa. Na farko kowa na yi, ya wuce. Na biyu shi ne mutum ya yi aƙalla mako 2 kusan kullum ransa a jagule, abin da yake so a da ya fita daga ransa, barci da cin abinci su rikice. Ina roƙonki kada ki taɓa ce wa mai wannan ciwo imaninsa ne ya yi rauni. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulmi da ya rasu a 934, tun a lokacin ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke saukowa ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani. Farfaɗiya kuma ba taɓin hankali ba ce, lantarkin ƙwaƙwalwa ne ke ɓarkewa, kuma ba a ɗaukarta ta miyau. Likitan ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke asibitin tarayya na Kware a Sakkwato, likita ne mai rubuta magani. Masanin saikoloji da gwaji da tattaunawa yake aiki. Majinyaci da yawa su biyun yake buƙata.

Ita kuma mantuwar da kika kawo kuka a kanta, Hermann Ebbinghaus na Jamus ya auna ta a 1885. Ya gano cewa a sa'o'in farko aka fi yin asara, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi dankarawa a zama ɗaya. Makarantar allo ta riga ta ba ki maganin, tishi. Ki karanta yau, ki waiwaya gobe, ki sake bayan kwana uku, sannan bayan mako. Ki rufe littafin ki biya wa ƙawarki da baki. Kuma ki yi barci, domin a cikinsa ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka koya da rana.

Akwai abin da ya faru a ƙasarmu da nake so ki rataya darussan nan uku a jikinsa. A watan Maris na 2010, ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara suna mutuwa fiye da kima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da fari zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau aka zarga, amma magungunansu ba su yi aiki ba. Ashe gubar dalma ce. Duwatsun zinare ake kawowa cikin gida a daka a niƙa, a tsakar gidan da yara ke rarrafe, duwatsun kuma cike suke da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, kusan duk yaron da aka auna, dalmar jininsa ta kai ko ta wuce maikurogiram 45 a desilita, matakin da ake fara ba da maganin fitar da ita. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa.

Mai bayokemistiri zai ce miki himogulobin, furotin ɗin jan jini mai ɗaukar oksijin, yana da wani zobe mai riƙe da sinadarin ƙarfe, kuma enzayim takwas ke ƙera zoben ɗaya bayan ɗaya. Dalma tana toshe na biyu, ta ture sinadarin zinki ta zauna a gurbinsa, tana kuma toshe na ƙarshe, mai saka ƙarfen. Sai ƙarancin jini. Mai fiziyoloji zai ƙara da cewa jiki yana ɗaukar dalma kamar kalsiyam ce, ya ajiye ta a ƙashi shekara da shekaru, ta kuma ratsa mabiya ta isa ga ɗan tayi. Hanjin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma idan ta yi yawa ƙwaƙwalwa ta kumbura, sai jijjiga da suma. Mai saikoloji shi zai bi yaran da suka rayu zuwa aji, ya ga wanda ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya, ga saurin fushi, domin dalma ta rikita saƙo a sinafs a daidai shekarun da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, bulala kuma ba za ta gyara shi ba.

Haƙar zinare ba ta tsaya ba. Ranar da aka kawo miki yaro yana jijjiga, an ba shi maganin zazzaɓi bai ji ba, idonsa fari fat saboda ƙarancin jini, ki tambayi uwar sana'ar maigidanta, ko ana daka dutse a gidan, da inda yake ajiye tufafin aikinsa idan ya dawo. In amsar ta nuna zinare, ki gaya wa likita a auna dalma, ki kuma ce a kawo sauran yaran gidan.